Wuyan da Babu Tabo

Duk wanda ya san Sifana ya san ba a yi masa bayani a dunƙule. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa kwance a ƙarƙashin wuraren wanke-wanken mutane, ruwan datti na ɗiga masa a goshi, har sunan kayan aikinsa ya danne nasa sunan. In ka ce masa famfo ya lalace, sai ya kalle ka sama da ƙasa ya ce, "Wane famfon? Ta ina ruwan yake shigowa, ta ina yake fita?" Masu gidaje na jin haushin tambayar nan, amma shi suke sake kira, don in ya yi gyara ya gyaru.

To irin tambayoyin nan ya tasa likita da su a gaba ranar da aka ce masa ciwon daji ne a hantarsa. Matarsa na gefe ta ƙanƙame jaka, babbar 'yarsu da ke aiki a kantin magani tana tsaye a bayansa. Likitan mai haƙuri ne. Ya juyo da allon kwamfuta, ya nuna masa wasu dunƙule-dunƙule masu duhu.

"Abin da ya ba mu ƙwarin gwiwa," in ji likitan, "ciwon bai tsallaka ko'ina ba, a hanta kaɗai yake. Akwai wani magani mai ƙarfi ƙwarai, wanda in ya zaga jiki duka zai yi ɓarna. Don haka hantar kaɗai za mu ba. Za mu zura siririn bututu ta gindin cinya har zuwa jijiyar da ke kai mata jini, mu tura maganin ta nan. Ta ɗaya cinyar kuma mu zura wani mai balan-balan biyu, mu hura ɗaya a saman hantar, ɗaya a ƙasanta, su tare hanya. Jinin da ya fito daga hantar ɗauke da magani sai mu ja shi waje, inji ya tace shi, sannan mu mayar maka da abinka."

Sifana ya gyara zama. Tun da aka fara yawon asibitin nan, yau ne aka yi masa maganar da ta shiga kansa.

"Wato kamar aikin famfo, a rufe bawul ta sama, a rufe ta ƙasa, a wanke tsakiya."

"Kusan haka ne."

"In akwai wata 'yar hanya da ba ku sani ba fa? Tsohon gida ba ya rasa fayif ɗin da wani ya haɗa a ɓoye."

"Shi ya sa kafin mu saki maganin sai mun tura ruwa mai launi mun ga inda yake bi. In yana zurarewa inda bai kamata ba, muka kuma kasa toshewa, ba za mu yi ba."

"Madalla. Haka ake aiki."

Tambaya ɗaya ta rage masa, wato ta inda za a mayar da jinin. Har ya buɗe baki, sai matarsa ta fashe da kukan da ta daɗe tana dannewa. Ya juya yana ba ta haƙuri, 'yar ta miƙa mata hankici, likita ya duba agogo, zama ya tashi. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya bar aiki bai bi layinsa har ƙarshe ba.

A gida wata maganar ce ke jiransu. Ɗansu namiji tilo, wanda tun yana ƙarami ake ce masa Injiniya saboda kwance rediyon gidan da yake yi ya kasa mayarwa, ya samu aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa na dakon kaya. Aikin da ya daɗe yana nema ne. Amma in jirgin ya tashi sai kusan shekara, kuma ba motar haya ba ce balle mutum ya ce a sauke shi a hanya.

"Ni na fasa, Baba," ya ce.

Sifana ya tara su a falo, ya kashe talabijin.

"Ku saurare ni, magana ɗaya zan yi. In aikin nan ya yiwu, ka tafi, ni da kaina zan raka ka tasha. In bai yiwu ba, ka zauna. Abin da nake so bai da yawa. In buɗe ido in gan ka, ranar da za a ɗauke ni zuwa makabarta kuma kafaɗarka na ciki. Saboda haka kada wanda ya ɓoye mini komai. Ni ban taɓa shafa siminti a kan fayif mai yoyo ba, kada ku shafa mini. Maman yara, kin ji?"

"Na ji."

"Uwata?" Haka yake kiran 'yar, don ta fi wadda ta haife shi iya yi masa faɗa.

"Na ji, Baba."

Injiniya ya gyaɗa kai.

"Ba kanka na tambaya ba, bakinka."

"Na ji, Baba."

A ɗakin jiran asibitin ne ya haɗu da Direba, wani dogon mutum mai surutu da ya yi shekaru yana jan tirela. Shi ma hantar ce, shi ma irin wannan aikin aka ce za a yi masa, amma tsoro ya hana shi amincewa.

"A zuƙe jinina a fitar waje kamar ana juyen mai? Ni da ko allura ba na iya kallo?"

Sifana ya zana masa abin da yatsa a kan gwiwarsa, bawul nan, bawul can. "Ka bari a fara da ni. In na fito da ƙafata sai ka shiga."

Ranar aikin, abin da ya iya tunawa fitilu ne, da sanyin ɗakin, da wata ma'aikaciya tana ce masa ya ja numfashi a cikin roba. Daga nan sai farkawa ya yi, maƙogwaro a bushe, filasta a gindin cinyarsa ta dama. Fuskar matarsa ce a samansa.

"An yi?" ya tambaya.

Ta kalli 'yar. Kallon bai wuce ƙiftawar ido ba, shi kuma maganin barci bai gama sakinsa ba.

"An yi, Baban yara. An gama lafiya."

"Komai ya tafi daidai, Baba," in ji 'yar, tana gyara masa filo da ba ya bukatar gyara.

Injiniya na tsaye a bakin taga ya ba su baya. Sifana ya ce a ransa, yaron nan har yanzu ba ya son a ga hawayensa.

Washegari likita ya zo zagaye, ya tsaya a ƙarshen gadon ya saka hannu a aljihu.

"Iyalinka sun yi maka bayani?"

"Sun yi, likita, komai da komai."

"To. Na ji daɗin yadda ka ɗauki abin. Ba kowa ke iyawa ba."

"Ai mu mun saba. Aiki yadda ya zo haka ake karɓarsa."

Likitan ya yi kamar zai ƙara wani abu, sai 'yar ta shiga tsakani. "Likita, maganar magungunan nan, bari in biyo ka ofis." Ta tasa shi gaba suka fita.

Kai, Sifana ya yi baki bayan sallamarsa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha labarin bawul ta sama da bawul ta ƙasa, har maƙwabta suka haddace. An ce mutane na galabaita bayan aikin, shi ko amai bai yi ba. An ce gashi na zuba, nasa ɗan furfurar da ya rage yana nan daram. "Jiki ne na aiki," yakan ce, ya bugi ƙirji. Ya kira Direba a waya ya yi masa tsiya son ransa, ya ce ƙaton banza, abin da ya fi wannan wuya shi ne cire haƙori. Bai bar shi ba sai da ya ji ya ce to, zai je.

Injiniya ne ya tsaya jan ƙafa. Yau takalmin aiki bai samu ba, gobe jaka ta yage. Ranar da abin ya ishi Sifana ya tsare shi a bakin ƙofa.

"Me muka yi da kai? Ba na ce in ya yiwu ka tafi ba? Ko so kake ka zauna kana kallona kamar wanda ake jiran ya mutu?"

"A'a, Baba."

"To haɗa kayanka."

Ya cika alkawari, ya raka shi tasha, har ya ƙwace jakar ya riƙe duk da numfashinsa na sama-sama. Kafin mota ta tashi ya zaro tsohuwar sifanarsa daga aljihu, wadda hannunta ya yi sulɓi don riƙo, ya danƙa masa. Injiniya ya rungume shi yana kuka kamar ƙaramin yaro, har mutane na kallo. Sifana ya ture shi cikin wasa ya ce ya je, in ya dawo zai tarar ya yi ƙiba. Ya koma gida yana jin bai taɓa yin abin da ya yi daidai kamar na ranar ba.

Ƙibar ba ta zo ba. Watanni suka ɗan ja, hannuwa na sirancewa, ciki na tasowa, ƙaiƙayi ya dame shi har yana sosa bayansa da jikin ƙofa. In ya tambaya, Uwata na da amsa a shirye: maganin ne yake aiki, dattin ne yake fita. Ita ke zuwa asibiti ta karɓo magani, ta ce likita ya ce ya huta, kada ya wahalar da kansa da hanya. Ranar komawarsa kuwa kullum an ɗaga. Madubin banɗaki ma ya ɓace, matarsa ta ce faɗowa ya yi ya fashe. Mutumin da ba ya yarda da maganar mai gida sai ya taɓa bango da hannunsa, duk wannan ya haɗiye shi ba ruwa, don daga bakin iyalinsa ya fito.

Wata rana da la'asar sai ga Direba da sanda, ya zo godiya. Ya rame, kansa tal babu gashi, amma bakin na nan. Matar Sifana ta kawo shayi ta ajiye, ta koma bakin ƙofar kicin ta tsaya.

"Kai, Allah ya isa tsakanina da kai," in ji Direba yana dariya. "Ka ce ko amai babu. Na yi aman da har na ga abincin da na ci ina saurayi. Jinina ya yi ƙasa, sai da aka ƙara mini. Amma hoto ya nuna abin ya motsa, sun ce ya ragu. Za a sake wani zagayen."

"Alhamdulillahi. Kai dai rago ne."

"Rago? Huji uku fa. Cinya nan, cinya nan, ga kuma na wuya. Shi ne ya fi damuna, har yau in na waiga sai na ji shi." Ya ja wuyan rigarsa ƙasa. Ga tabo nan ɗan ƙarami, baƙi, a gefen dama, sama kaɗan da ƙashin wuya. "Naka ya warke? Mu gani."

"Nawa me?"

"Na wuya mana. Ta inda ake mayar da jinin bayan an tace. Ai ba a sha za a ba ka ba."

Sifana ya kai hannu wuyansa. Ya shafa dama, ya shafa hagu, ya bi ƙashin da yatsa har kafaɗa. Fata ce sumul. Tambayar da kukan matarsa ya katse ranar farko ta dawo masa, ga amsarta a jikin wani. An toshe sama, an toshe ƙasa, an ja jini waje, to dole ya koma ta wata ƙofa da ke sama da toshiyar. Ko ɗan koyo ya san wannan.

Direba ya kalli wuyan, ya kalli idanun abokinsa da suka yi ruwan ɗorawa, sannan ya kalli matar. Ita ƙasa take kallo. Dariyar ta bar fuskarsa.

"To, wataƙila naka wani salo ne daban," ya ce da sauri. "Ka san likitocin nan, kullum da sabon abu. Ni bari in tashi, ɗiyata na jirana a mota."

Wato shi ma, cikin minti ɗaya, an ɗauke shi aikin ɓoye gaskiya. Ko shayin bai taɓa ba ya fita.

Sifana ya dafa kujera ya miƙe, ya shiga banɗaki ya sa sakata. Ya duba cinyar dama, ga tabo ɗaya. Ya duba ta hagu, babu ko ƙwarzane. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙusar da madubi ke rataye a da. Da ya fito, 'yar ta dawo daga aiki, uwar ta riga ta tare ta a ƙofa, su biyun suna tsaye kamar masu jiran hukunci.

"Ina madubin?"

Matar ta kalli 'yar.

"Na ce ina madubin."

Matar ta shiga ɗaki ta zaro shi daga bayan durowar kaya, lafiyarsa lau, ko tsaga babu. Ya karɓa ya kalli mutumin da ke ciki. Ya jingina shi da bango a hankali, ya zauna.

"Ruwa mai launin nan," ya ce. "Ina ya bi?"

'Yar ce ta amsa. "Ya zurare wajen tumbi, Baba. Ƙananan jijiyoyi ne da yawa, sun yi ƙoƙarin toshewa abin ya gagara. Sun ce in suka saki maganin zai ƙone maka ciki. Sai suka tsaya."

"Sun yi daidai. Su sun yi aikinsu. Abin da kike ba ni kullum fa?"

"Na rage raɗaɗi ne."

"Kawai?"

"Kawai."

Matar ta durƙusa a gabansa ta kama gwiwarsa. "Baban yara, ka farka kana murmushi. Wallahi na buɗe baki in faɗa, na kasa. Na ce gobe. Goben ta zo na ga ka ci abinci, ka yi dariya, rabon da in ji dariyarka na manta. Ta yaya zan ƙwace maka wannan?"

"Ba naki ba ne da za ki ba ni ko ki ƙwace." Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi musu sauƙi. "Abu ɗaya na roƙe ku. A ɗakin nan, a kujerar nan. Kun bar ni ina bugun ƙirji a gaban mutane kamar wawa, kuna zuba musu shayi. Wannan na yafe, dariya ce, ta wuce. Amma kun tsaya kuna kallo na kori ɗana da bakina. Na riƙe masa jaka. Kun cuce ni, kun cuci yaron nan. Yana can tsakiyar ruwa yana zaton ubansa na warkewa."

Uwar da 'yar suka sake irin kallon nan na asibiti. Wannan karon ma bai karanta shi ba, don ya riga ya sunkuyar da kai.

Kwanakin da suka biyo baya bai yi musu magana ba sai ta dole. Yana karɓar magani don ciwo ba ya jin fushi, amma daga hannu zuwa baki, ba sannu ba na gode. Abin da ya riƙe shi guda ɗaya ne: ba shi kaɗai aka yaudara ba, su biyu ne, shi da Injiniya. Wayar jirgin ba ta samuwa sai sun matso kusa da gaɓa, don haka ya ajiye tasa a aljihun gaba, ya hana kowa taɓawa. Yana ta shirya yadda zai faɗa masa a hankali, kada yaron ya ruɗe a gaban injuna. Har ya tanadi abin da zai ce don kada ya tsani uwarsa.

Kiran ya shigo da hantsi, yana zaune a tsakar gida. Ana jin rurin inji a bayan muryar.

"Baba, ya jiki? An fara ƙibar?"

"Injiniya, nemi wuri ka zauna. Magana zan faɗa maka, kuma ina so ka riƙe kanka kamar namiji." Ya ja numfashi. "Aikin nan ba a yi shi ba. Sun shiga, suka tarar da yoyo, suka fito. Ciwon na nan, yana ci gaba."

Rurin injin kawai ke tashi a wayar. Sifana ya jira kukan, ya jira salatin.

"Baba," in ji Injiniya a hankali, "wa ya faɗa maka?"

Sifana ya ɗauke wayar daga kunnensa ya kalle ta, sannan ya mayar.

"Ba ka ce yaya aka yi ba. Ba ka ce ƙarya ne ba. Wa ya faɗa mini."

"Baba, ka tsaya ka ji."

"A bakin taga. Ranar da na farka. Ka riga ka sani."

"Tare likita ya kira mu." Yanzu kukan ya zo. "Na ce ba zan tafi ba, wallahi na ce. Amma kai ka kafa sharaɗin, Baba. Ka ce in ya yiwu in tafi, in bai yiwu ba in zauna. Mama ta ce in na zauna, ranar za ka gane. Babu yadda za a yi in zauna kuma ka ci gaba da yarda. Na tafi ne don kada ka sani."

To ka ji. Abin da ya roƙa don kada ya rasa ɗansa, shi aka juya aka raba shi da ɗan.

"Ka karɓi sifanata," ya ce. "Ka kalli idona ka karɓa."

"Tana nan a aljihuna kullum. Baba, zan yi magana da kyaftin. In mun isa tasha ta gaba, wataƙila su samu wanda zai canje ni."

"Yaushe ne tasha ta gaba?"

"Da ɗan sauran lokaci."

"Faɗa mini gaskiya, ko sau ɗaya."

"Yau muke barin gaɓa. Sai mun tsallaka gaba ɗaya. Ya fi wata, Baba, in an samu mai canjin ma."

Sifana ya kalli hannunsa, ya kalli cikinsa. Shi ma ya iya lissafin aiki.

"To. Allah ya tsare hanya."

"Baba, ka yafe mini."

"Na ji ka," ya ce, ya kashe wayar.

Ya daɗe a zaune. Can ya miƙe ya ɗauko ƙaramin shebur a ɗakin kayan aiki, ya kira matarsa. Ta fito da sauri tana goge hannu, don wannan ne karon farko da ya kira ta tun ranar madubi. Ya kai ta bayan gida, kusa da katanga, inda wata tukunyar fure ta daɗe a ajiye. Ya ce ta janye. Ya durƙusa da ƙyar ya kankare ƙasa, sai ga murfin ƙarfe, a ƙarƙashinsa wata bawul mai jan hannu.

"Wannan ce uwar ruwan gidan nan. Ni kaɗai na san inda take. In fayif ya fashe, kada ki tsaya neman mai gyara, nan za ki fara zuwa. Dama rufewa, hagu buɗewa. Kama."

"Baban yara, ba yanzu ba. Ka bari sai ka ji sauƙi."

Ya ɗago ya kalle ta har ta ji abin da ta faɗa. Ta rufe baki da hannu.

"Kama," ya sake cewa.

Ta durƙusa ta kama. Bawul ɗin ta yi tsatsa, ta ƙi motsi. Da can da ya ɗora hannunsa a kan nata. Yau ya bar ta tana kokawa da hannu biyu, hawaye na ɗiga a kan ƙarfen, har abin ya yi ƙara ya juya. Famfon kicin da ta baro a buɗe ya yi tari ya ɗauke.

"Buɗe."

Ta buɗe.

"Fayif ɗin banɗaki na bi ta bayan durowar da kika ɓoye madubi, kada a buga ƙusa a nan. Tanki kuma ƙasansa ya fara ci, ba zai kai baɗi ba. Na so in ce miki zai kai, amma ba zai kai ba." Ya dafa katanga ya miƙe, ta miƙo hannu ta taimake shi, ya yi kamar bai gani ba. "Gobe zan je wurin likita."

"Bari in faɗa wa Uwata ta nemi izini a wurin aiki."

"Ba da ita ba, ba da ke ba. Direba zai aiko a ɗauke ni. Akwai tambayar da ban gama ba, kuma wannan karon ba na son kowa a ɗakin."

Ya kakkaɓe ƙasar gwiwarsa ya nufi cikin gida. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waigo ba.

"Ki mayar da madubin inda yake," ya ce.